Hukuncin Sanya Bawul ɗin Alade ko na Saniya a Zuciyar Musulmi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mace ce 'yar shekara 27, shekarata biyu da aure, Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna. Tun bara numfashina ke sarƙewa. Ko tsakar gida na share sai na zauna na huta, da dare kuwa sai na jera filo uku kafin barci ya ɗauke ni. An yi mini hoton zuciya, likita ya ce bawul ɗin ɓangaren hagu ya lalace sanadiyyar ciwon maƙogwaron da na sha fama da shi ina ƙarama, ya wuce gyara, sai an canza shi. Ya ce iri biyu ne. Akwai na ƙarfe, wanda zan riƙa shan maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwata, kuma maganin yana da haɗari ga juna biyu. Akwai na nama, da ake yi daga saniya ko alade. Shi ya fi karkata ga na nama tunda ina son haihuwa, amma bai ba ni tabbacin wanne za a samu ba. Surukata ta ce ba za a kai mata suruka kabari da alade a ƙirji ba, maigidana kuma ya yi shiru. Malam, ya halatta? Ina matsayin sallata? In na rasu sai an cire shi kafin a binne ni?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, ya sa kaffara ne.

Ya halatta a sa miki bawul na nama. Idan akwai na saniya kuma yana yin aikin da na alade zai yi, shi za a gabatar. Idan babu, ko likitocin da aka amince da iliminsu da amanarsu suka ga na aladen ne ya dace da zuciyarki, babu laifi a kanki, sallarki ta inganta, kuma ba a cire shi bayan mutuwa.

Malamai suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtar yadda abin yake, don haka mu fara da shi kansa bawul ɗin. Zuciya tana da ƙyamare huɗu, su ne ake kira bawul, da ke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya koma baya. Ciwon maƙogwaron da wata ƙwayar cuta ke haddasawa, idan ba a magance shi da fenisilin ba, yakan sa garkuwar jikin yaro ta juya ta afka wa waɗannan ƙyamare, galibi na ɓangaren hagu. Shekaru suna tafiya ƙyauren yana ƙanƙancewa ko ya riƙa yoyo, jini ya taru a huhu. Abin da ke hana ki kwanciya shimfiɗe ke nan. Cuta ce mai suna da sababi, ba sammu ba ce, ba kuma iska ba.

Na ƙarfe an fara dasa shi da nasara a Amurka a 1960. Yana da ƙarko, yakan kai mutum ƙarshen rayuwarsa, har ma a cikin shirun dare mai shi yana jin ƙararsa kamar agogon hannu. Aibinsa shi ne jini yana son daskarewa a kansa, shi ya sa dole a sha wafarin, wato maganin tsinka jini, kullum, a riƙa zuwa gwajin jinin da ake kira INR a kai a kai. Maganin ya yi kaɗan, gudan jini ya toshe bawul ko ya haura ƙwaƙwalwa ɓarin jiki ya shanye. Ya yi yawa, jini ya ɓalle. Ga mai ciki kuma yana ƙetarawa zuwa ga ɗan tayi, haɗarinsa ya fi tsanani tsakanin mako na 6 da na 12. Na nama kuwa, wani likitan Faransa, Alain Carpentier, shi ya fito da hanyar jiƙa bawul ɗin alade a cikin wani sinadari a ƙarshen shekarun 1960 domin jikin mutum ya karɓe shi. Na saniya ana yanko shi daga tantanin da ke lulluɓe da zuciyarta, a ɗinka shi a kan zobe. Ba sa buƙatar wafarin na har abada, amma suna tsufa. Sukan yi shekara 10 zuwa 20 a jikin dattijo, a jikin mai shekarunki kuwa sun fi saurin lalacewa, ke nan akwai wata tiyatar a gaba. Kowanne da nasa nauyi.

Haramcin alade ba abin jayayya ba ne. Amma ayar da ta haramta shi, aya ta 173 a Suratul Baƙara, ita ce kuma ta ce wanda lalura ta matsa wa, ba yana mai zalunci ba, ba kuma mai ƙetare iyaka ba, babu laifi a kansa. A Suratul An'am aya ta 119 Allah ya ce ya rarrabe mana abin da ya haramta mana, sai abin da aka matsu zuwa gare shi. To idan an yarje wa mai jin yunwar halaka ya tauna naman ya haɗiye, ina ga ɗan tantanin da faɗinsa kusan santimita uku ne, wanda ba ci za a yi ba, ɗinka shi za a yi don jini ya gudana?

Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin Ɗariƙ ɗan Suwaid da Muslim ya ruwaito, inda ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da giya don magani, ya ce masa ita ba magani ba ce, cuta ce. Suna ƙarawa da maganar Ibn Mas'ud cewa Allah bai sanya warakarku cikin abin da ya haramta muku ba. Hujjoji ne ingantattu, ban raina su ba. Sai dai giya abin sha ce da rai ke kwaɗayi, buɗe ƙofar magani da ita buɗe ƙofar maye ne. Wa ya taɓa kwaɗayin a tsaga ƙirjinsa? Sannan ga Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Haka Annabi ya yi wa Zubair da Abdurrahman ɗan Auf rangwamen sa alhariri saboda ƙaiƙayi, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Ƙaiƙayi fa, ba ciwon zuciya ba.

Magabata ma sun tattauna abin da ya yi kama da wannan. Imam Nawawi ya ce wanda ya ɗora karayarsa da ƙashi mai najasa saboda rashin mai tsarki yana da uzuri. Hambalawa sun ce ba a wajabta masa cire shi idan cirewar za ta cutar. A zamaninmu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, a zamanta na takwas a shekarar Hijira 1405, wato 1985, ta halatta ɗaukar gaɓa daga dabbar da ake ci kuma aka yanka ba tare da sharaɗi ba, daga wadda ba ita ba kuma idan akwai lalura. A kan wannan jeri na gina fifita saniya. Wani zai ce ai ba mu san yadda aka yanka saniyar ba. Haka ne, amma ko an ƙaddara mushe ce, ba ta kai alade nauyi ba, kuma ba a ɗora miki bin diddigin mayankar da ke wata nahiya.

Akwai malaman da suka ce sinadarin ya riga ya canza naman zuwa wani abu daban, ya tsarkaka. Ni ban dogara da wannan ba. Aikin ya fi kama da jima, a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa jima ba ta tsarkake fatar alade. Lalura ta ishe mu hujja, ba sai mun lanƙwasa wata ƙa'ida ba.

Inda maganar take da ɗan sarƙaƙiya shi ne a ce, ina lalura tunda ga na ƙarfe? Da na ƙarfen zai maye gurbin na nama ba tare da ƙarin cuta ba, da an ce babu. Amma mace matashiya mai neman haihuwa, wadda wataƙila tsakaninta da wurin gwajin jini tafiyar sa'o'i ce da kuɗin mota, ba a ce mata ga madadi a hannu. Kiyaye rai da kiyaye zuriya duka suna cikin manyan manufofin shari'a. Ba kuma ina cewa na nama ya fi miki ba. Akwai matan da suka haihu da na ƙarfe ƙarƙashin kulawa ta kusa, akwai waɗanda tiyata ta biyu ta fi ƙarfin aljihunsu. Wannan awo na likita ne da ke, ba na malami ba. Abin da nake tsoro shi ne ki zaɓi na ƙarfe don gudun maganar mutane kawai, bayan shekara biyu wafarin ya yanke miki na mako guda. Ki zauna da likitan zuciya da na mata tare. Ki tambaye su ko an tabbata gyara ba zai yiwu ba, shekara nawa suke hasashen na nama zai yi miki, da kuma ko za a iya tanadar na saniya tun kafin ranar aiki. Idan sun ce ki jinkirta ɗaukar ciki zuwa wani lokaci, jinkirin halal ne.

Wani abin da da yawa ba su sani ba: heparin, maganin hana jini daskarewa da ake ba duk wanda za a ɗora a kan injin da ke karɓar aikin zuciya lokacin tiyata, mafi yawansa daga hanjin alade ake fitar da shi. Ko na ƙarfen kika zaɓa, da wuya ki kauce masa, kuma hukuncinsa wannan hukuncin ne.

Sallarki babu komai a kanta. Kawar da najasa a wurin Malikawa yana tare da tunawa da iko, ke kuwa ba ki da ikon cire abin da ranki ya rataya a kansa. Ban da haka, abin da ke can cikin jiki ba a yi masa hukuncin najasar da ke hana salla, in ba haka ba da babu mai salla, kowa yana ɗauke da jini da abin da ke cikin hanjinsa. Azumi, ɗawafi da riƙe Alƙur'ani duk haka suke. Bayan mutuwa kuma ba a tsaga gawa don a cire shi. Nana A'isha ta ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. A yi wanka, a yi sutura, a yi salla, kamar kowane Musulmi.

Surukarki kishin addini ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, kada ki riƙe ta a zuci. A karanta mata wannan amsa cikin ladabi, zai fi kyau ɗanta ya karanta mata da bakinsa. Shi kuma maigidan, shirun ya isa haka. Izinin tiyata naki ne tunda jikinki ne kuma kina cikin hankalinki, nasa shi ne ya tsaya miki. Addu'a da ruƙya ki ci gaba da su, ba sa karo da wuƙar likita, amma kada a ce a dakata a gwada jiƙe-jiƙe tukuna, domin zuciyar da ta daɗe tana aiki da lalataccen bawul takan kumbura ta raunana har ta kai inda canjin ba zai mayar da ita yadda take ba. Allurar fenisilin da aka ɗora ki a kai, in an ɗora ki, kada ki bari ko bayan aikin sai likita ya ce.

Wallahu a'alam.