Tambaya da Amsa: Ɗana, Dodannin Skyrim da Halin da Ƙasa Take Ciki

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni 'yar Kudancin Kaduna ce, na daɗe ina zaune a Agege ina sayar da hatsi, kuma ina cikin Zumuntar Mata a sashen Hausa na majami'armu. Ɗana na fari, mai shekara 18, ya tara kuɗi ya sayo tsohuwar kwamfuta a Ikeja, aka sa masa wani wasa mai suna Skyrim. Duk daren da aka kawo wuta sai in riƙa jin rurin dodanni daga ɗakinsa, da na leƙa kuma na ga matsafa da mutane suna durƙuso a gaban wani gunki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, rannan muna sauraron rediyo ana maganar tsadar rayuwa da rigimar 'yan siyasa, sai ya ce wai Najeriya ce sak a cikin wasan nan, wai mu Kirista mu ne masu bautar Talos da aka hana su addininsu, kuma wai ƙasar ba za ta gyaru ba sai wani jarumi ya zo da takobi. Shin wasan nan tsafi ne? In ƙwace kwamfutar ko yaya zan yi? Daga wata uwa a Agege.

AMSA: Mama, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika tambaya kafin ki yanke hukunci. A ganina kada ki ƙwace kwamfutar. Rurin dodanni bai dame ni ba kamar yadda kalaman da ya furta a gaban rediyo suka dame ni, kuma a kansu zan fi tsayawa.

Skyrim wasa ne da kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar ranar 11 ga Nuwamba, 2011, shi ne na biyar a jerin wasannin The Elder Scrolls. Labarinsa ƙagagge ne daga farko har ƙarshe, kamar yadda kakanninmu suka ƙaga Gizo da Ƙoƙi da Dodo, kuma marubutansa sun ɗebo kayan aikinsu daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai da tarihin daular Rum. Abin da Maimaitawar Shari'a sura 18 a Littafi Mai Tsarki ta haramta shi ne mutum ya je wurin boka ko mai duba ko mai kiran matattu da nufin neman taimako na gaske, wanda ke danna maɓalli don hoton wuta ya fito a allo kuwa bai nemi taimakon kowa ba. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, akwai wurare masu muni a cikinsa. Wasu miyagun ruhohi da ake kira Daedra suna yi wa ɗan wasa tayin makami mai ƙarfi idan ya yarda ya yi musu aiki, ɗaya yana neman a kashe wani firist, wata tana neman ya yi hadaya da abokin tafiyarsa. Ba dole ba ne a karɓi tayin, ana iya kammala babban labarin ba tare da an kula su ba, shi ya sa zan so ki tambayi ɗanki abin da ya zaɓa a waɗannan wurare da dalilinsa. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ware shi ga 'yan shekara 17 zuwa sama, don haka ƙannensa ƙanana ba su da abin yi a gabansa.

Yanzu ga maganar Talos. A cikin labarin, Talos wani mayaƙi ne mai suna Tiber Septim, wanda ya ci ƙasashe da yaƙi ya kafa daula, bayan mutuwarsa aka ce ya zama ɗaya daga cikin alloli tara. Da daular ta gaji a wani babban yaƙi da ta yi da wata ƙasa da ƙungiyar Thalmor ke mulka, sai ta sa hannu a yarjejeniyar da ta haramta bautarsa. Wannan ne ya harzuƙa Ulfric, sarkin birnin Windhelm, ya kashe babban sarkin Skyrim, ƙasa ta rabu biyu, ɗan'uwa ya ɗauki takobi a kan ɗan'uwansa. Na gane abin da ya ja hankalin ɗanki, domin yaron da danginsa suke Kudancin Kaduna ya taso yana jin labarin ƙauyukan da aka kai wa hari da majami'un da aka ƙone, kuma baƙin cikinsa na gaskiya ne, bai kamata kowa ya raina shi ba. Amma kwatancen nasa ya juya baya. Mutum ya zama abin bauta saboda ya ci ƙasashe da yaƙi, wannan ai al'adar sarakunan Rum ce, kuma ƙin yarda da ita ne ya jawo wa Kirista na farko azaba. Polikab, shugaban ikkilisiyar Samirna, wadda take birnin Izmir na Turkiyya a yau, an ƙone shi wajen shekara ta 155 saboda ya ƙi rantsuwa da sunan Kaisar, ya ce shekara 86 yana bauta wa Almasihu bai taɓa cutar da shi ba. Da Polikab zai shiga Skyrim, ba za a same shi a gaban gunkin Talos ba. Koyarwar ikkilisiya ita ce Allah ya sauko ya zama mutum har ya wanke ƙafafun almajiransa, kuma da Bitrus ya zaro takobi a daren da aka kama Yesu, umarnin da ya samu shi ne ya mayar da shi kube.

Akwai abin da nake so ki sa ɗanki ya nuna miki a allon da kansa. Ki ce ya kai ki birnin Windhelm, hedikwatar masu tawayen da yake goyon baya. A karon farko da aka shiga ƙofar birnin, abin da ake fara gani shi ne 'yan gari biyu sun tare wata mata baƙuwa suna zaginta, suna cewa mutanenta sun cinye musu abinci kuma 'yan leƙen asiri ne. Mutanen nata 'yan gudun hijira ne da aman wutar dutse ya kora daga ƙasarsu, an cusa su a wata unguwa ta talauci, wata ƙabilar kuma ma ba a barinta ta kwana a cikin ganuwa, sai dai ta yi dako a bakin ruwa. Taken mayaƙan Ulfric shi ne ƙasar Skyrim ta 'yan asalinta ce. Mama, mai jin Hausa da ke zaune a Legas ba ya bukatar a fassara masa wannan. Mun san abin da ya faru a kasuwar Mile 12 da ke Ketu a Nuwamban 1999, da Idi-Araba a Fabrairun 2002, da kuma Mile 12 a Maris ɗin 2016, har gwamnati ta rufe kasuwar. A irin waɗannan ranaku, mai gudu da ransa ba a tambayarsa ko masallaci yake zuwa ko majami'a, harshensa da kamanninsa sun isa. A zaɓen gwamna na Maris ɗin 2023 kuma 'yan ƙabilar Ibo ne suka sha irin wannan magana ta wane ne ɗan gari. Idan dai ɗanki yana neman kansa a cikin wasan, to a unguwar baƙin nan yake, tare da maƙwabcinsa Musulmi mai sayar da albasa.

Wasan kuma yana da wata takarda da ake samu a ofishin jakadancin Thalmor, kuma ita ce ta fi komai amfani ga mai son fahimtar siyasarmu. A cikinta Thalmor sun rubuta cewa sun taɓa kama Ulfric a lokacin babban yaƙi, suna ɗaukarsa a matsayin wanda zai yi musu amfani, kuma ba su son daula ta yi nasara, ba su son shi ma ya yi nasara, abin da suke so shi ne yaƙin ya ci gaba ba ranar ƙarewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba ina cewa akwai wasu baƙi a ɓoye da ke juya Najeriya ba, masu cin ribar rabuwarmu a fili suke, suna zuwa majami'a da masallaci gab da zaɓe da gudummawa a hannu. Ki tuna masa cewa a zaɓen 12 ga Yunin 1993, Abiola da mataimakinsa Kingibe duka Musulmi ne, Kirista da yawa suka zaɓe su, Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, jihar da aka haifi Tofa, amma gwamnatin soja ta Babangida ta soke zaɓen. Jama'a sun haɗa kai a ranar, daga sama aka wargaza abin. Janye tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, kin fi ni sanin yadda ya taɓa kuɗin motar da ke kawo miki hatsi daga Arewa, kuma mudun masara bai taɓa tambayar mai saye addininsa ba.

Game da jarumi mai takobi, Littafi Mai Tsarki yana da tasa tatsuniyar, kuma ina roƙonki ku karanta ta tare, a Littafin Mahukunta sura 9. Abimelek ɗan Gidiyon ya je wurin dangin mahaifiyarsa a Shekem ya ce su tuna shi jininsu ne, suka ɗebo azurfa 70 daga haikalin gunkinsu suka ba shi, ya ɗauki 'yan daba da ita, ya yanka 'yan'uwansa a kan dutse guda, aka naɗa shi sarki. Autansu Yotam, wanda ya tsira, ya hau Dutsen Gerizim ya ba da labarin itatuwa da suka fita neman sarki. Zaitun ya ƙi barin mansa, ɓaure ya ƙi barin zaƙinsa, kurangar inabi ta ƙi barin ruwanta, sai ƙaya ta karɓa, ta ce su zo su fake a inuwarta, in ba haka ba wuta ta fito daga cikinta ta cinye su. Ƙaya ba ta da inuwa, kowa ya sani. Bayan shekara uku Abimelek ya rushe Shekem ɗin da ta naɗa shi, ya barbaɗa mata gishiri. Kiran ƙabila, kuɗin ɗakin ibada da 'yan daba, duk suna cikin sura guda. Ƙasar nan ta gwada masu bindiga daga 1966 zuwa 1979, ta sake gwada su daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, kuma ɗanki bai ga ko ɗaya daga cikin shekarun nan da idonsa ba. Ke kin ga wasu, ki ba shi labari.

Abin da zan ba ki shawara a aikace kaɗan ne. Ki ƙayyade masa lokaci, kada wasa ya ci barcinsa ko karatunsa ko sujadar Lahadi. Ki zauna kusa da shi ko da sau ɗaya ne ya yi miki bayani, domin yaron da ya iya haɗa labarin wasa da labaran rediyo yana da tunani, jagora yake bukata. Tunda ya cika 18, ki sa ya yi rajistar katin zaɓe idan an buɗe. Sannan ki nuna masa Irmiya 29:7, inda aka ce wa Yahudawan da aka kai bauta Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke baƙunta, su yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce tasu.

TAMBAYA: Malam, ni mai gyaran waya ne a Obalende, nakan buga wasan nan ni ma. Baƙin dodon da ake kira Alduin, mai cinye duniya, shi ne macijin da ke cikin Wahayin Yahaya? Kuma rikicin ƙasar nan ba alamar ƙarshen zamani ba ne?

AMSA: Ɗan'uwa, ba shi ba ne. Alduin ya fi kama da macizan tatsuniyoyin arewacin Turai, kuma a cikin wasan ana ɗaukarsa ɗan farin babban allahn lokaci, wanda aikinsa shi ne ya cinye duniya domin wata ta biyo baya. Macijin Wahayi 12 kuwa littafin da kansa ya faɗi sunansa, Iblis ne, halitta ce da ta yi tawaye aka jefo ta ƙasa, kuma aya ta 11 ta ce an yi nasara da shi ta jinin Ɗan Rago da kalmar shaida.

Batun ƙarshen zamani, Yesu ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba. A shekara ta 410, da mayaƙan Alarik suka shiga birnin Rum suka washe shi, Kirista da yawa sun ɗauka duniya ce ta zo ƙarshe. Agustin, bishop na Hippo, inda birnin Annaba na Aljeriya yake a yau, ya shafe fiye da shekara goma yana rubuta littafinsa na Birnin Allah domin ya nuna musu cewa daula daban, mulkin Allah daban, kuma a cikinsa ne ya ce masarautar da ba adalci ba ta da bambanci da babbar ƙungiyar 'yan fashi. Shi kansa ya rasu a 430, mayaƙan Bandal suna kewaye da garinsa, yana kan aikinsa na kiwon jama'ar da suka gudo cikin ganuwa.