Na haddace bayanan simfonin Haydn amma maki ya ƙi hawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun A-Level ne a Ingila, na ɗauki darasin kiɗa, hukumar Eduqas ce ke shirya mana jarabawa. An ba mu Simfoni ta 104 ta Haydn mu yi nazarinta, wato dogon kiɗa mai kashi huɗu da tarin makaɗa ke yi tare. Na haddace duk bayanan da aka ba mu amma a gwajin aji makina baya wuce rabi, malamarmu kullum sai ta rubuta min wai labari nake bayarwa ba nazari ba. Don Allah ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya ba da sa'a. Malamarki ta faɗa miki gaskiya. In kika rubuta an haifi Haydn a 1732 a Ostiriya, ya yi wa gidan sarautar Esterhazy aiki shekara da shekaru, ya rubuta wannan simfoni a Landan a 1795 kuma ita ce ta ƙarshe cikin 12 da ya yi wa mutanen birnin, duk daidai ne, amma kowa a ajinku ya san wannan. Mai duba takarda so yake ki nuna masa me ya faru a cikin kiɗan, a wace gaɓa (ƙananan yankuna masu lamba da ake raba rubutaccen kiɗa da su), kuma me ya sa mai sauraro ya ji abin da ya ji. In ɗaya ya faɗi cikin ukun nan maki ya tafi.

Bari mu ɗauki kashi na farko ki gani. Gaɓa 16 na farko shimfiɗa ce a hankali, a kan D maino (D da A sunayen sautuka ne, maino jerin sautuka ne mai kama da jimami, meja kuma mai kama da fara'a), duk makaɗan sun haɗu a kan sauti ɗaya da ƙarfi, D ta hau A, sannan D ta sauko A, ga gangunan timfani na mara musu baya. To a gaɓa ta 17 sai kiɗan ya yi sauri ya koma D meja, kuma abin da nake so ki lura da shi, masu bayolin ne suka shigo da jigon, wato babbar waƙar kashin, a sanyaye, ba hayaniya. Kin ga yanzu kina da abin rubutawa: nauyin shimfiɗar ne ya sa jigon ya fito wasai, da Haydn ya fara da shi kai tsaye da bai ratsa mutum haka ba.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne gaɓa ta 65. An koya muku a tsarin sonata, wato tsarin da aka gina wannan kashi a kai, akwai jigo na farko akwai na biyu, to sai su zo nan suna laluben sabon jigo, babu shi. Jigon farkon ne Haydn ya dawo da shi amma a kan A meja, wato abin da ya canza ki ɗin (key) ne, jerin sautukan da kiɗan ke tafiya a kai, ba waƙar ba, kuma wannan ɗabi'arsa ce a ayyuka da dama. Daga gaɓa ta 124 kuma sai ya tsinko ɗan guntu ɗaya daga jigon, wannan mai maimaita sauti ɗaya, ya dinga juya shi yana ratsa B maino da sauransu yana miƙa shi daga wannan kayan kiɗa zuwa wancan, har aka yi tsit na ɗan lokaci kafin jigon ya dawo gida a gaɓa ta 193. Ni wannan wajen ne ya fi burge ni a duk simfonin, ɗan abu kaɗan ya gina masa kusan gaɓa 70 kuma ba ka gajiya da ji.

Yanda za ki yi karatun kuwa, ki ajiye bayanan tukuna. Ki saurari kashi ɗaya ba takarda a hannu, ki sake saurare da takardar kiɗan a gabanki kina bi da yatsa, duk inda kika ɓace ki koma baya. Sai ki ɗau fensir ki sa alama duk inda ki ɗin ya canza da inda jigo ya dawo. Bayan nan ki samo sabuwar takardar kiɗan da ba a sa wa alama ba ki gwada nemo wuraren nan da kanki, don a ɗakin jarabawa wadda babu alama a kai za a ba ki.

Sauran kashi ukun kar ki raina su. Na biyu yana kan G meja, tsakiyarsa ya rikiɗe G maino. Na uku rawa ce, tsakiyarta ta tsallaka B filat meja, nesa da D. Na ƙarshe waƙar ƙauye ce a kan sautin D da aka riƙe a ƙasa ba motsi.

Akwai kuma tambayar dogon rubutu kan yanda simfoni ta bunƙasa daga 1750 zuwa 1900, to nan ne tarihin da kika haddace zai yi miki rana, amma ki ɗaura shi da kiɗan. Misali ƙahonin zamanin Haydn ba su da maɓallan canza sauti, shi ya sa sautukansu ƙalilan ne. Ki kwatanta da simfonin Italiya ta Mendelssohn ta 1833 da ke cikin manhajarku, wadda ta fara a A meja ta ƙare a A maino, ki faɗi abin da ya bambanta su da lambar gaɓa a duk inda za ki iya.