Tambayoyinku: Dole sai na yi bincike da malaman wasu sassa?

Tambaya: Salam. Ina koyar da darasin yawon buɗe ido a wata foliteknik a nan Filato, oganmu kullum maganarsa mu riƙa haɗa bincike da malaman wasu sassa, ni kuwa gani nake ƙarin wahala ce kawai. Me zan ƙaru da shi? Wata malama daga Bukuru.

Amsa: Wa'alaikumussalam Malama, gaskiya oganku bai faɗi ƙarya ba. Duba dai tafkunan nan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Barikin Ladi, ke abin da kike hange wurin shaƙatawa ne, kwalekwale, masu gasa kifi, 'yan hoto, to amma ruwan fa? Sai masanin ƙasa da na sinadarai sun auna sun ce miki ga zurfinsa ga abin da ke cikinsa, don irin ramukan nan sun sha cin rayuka, sannan mai ilimin tattalin arziki ya lissafa ko kuɗin shiga zai riƙe wurin. Ke kaɗai ina za ki iya?

Haka gidan tarihi na Jos da Bernard Fagg ya kafa a 1952, idan babu masanin tarihi kusa dake me za ki gaya wa baƙo kan gumakan Nok, wato daɗaɗɗun gumakan yumɓu da aka tono a yankin Nok?

Ga batun kuɗi ma, tallafin bincike na TETFund, asusun gwamnatin tarayya da ke tallafa wa manyan makarantu, ya fi zuwa hannun tawaga mai fannoni daban-daban. Amma fa tun ranar farko ku rubuta wa zai yi me, kuma sunan wa zai zo farko a takardar, yawanci nan ake ɓatawa.