Amsar Kawu kan sallama kafin tafiyar Mambila zuwa Kalaba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kai da abokanka kun ware hutun ƙarshen shekara za ku ɗauki mota daga Jalingo, ku shiga gandun dajin Gashaka-Gumti, ku hau Mambila, sannan ku gangaro ta Obudu har Kalaba, ba fatauci ba, ba biki ba, ba ta'aziyya ba, kallon ƙasa kawai. Tambayarka kuma ita ce, shin dole sai ka bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya ka yi sallama kamar yadda mahaifiyarka ta kafe, ko ya isa ka rubuta a zauren WhatsApp na iyali kowa ya gani? Na yi dariya, don a zamaninmu wanda ya ce zai kashe kuɗin mai ya je ganin dutse, sai a tambaye shi me ya ajiye a can. Amma da na sake karantawa sai hankalina ya ɗan tashi, ganin har an zo lokacin da ɗan gidanmu yake tambaya ko sallama dole ce.

Tafiyar dai ban hana ba. Tafiya mabuɗin ilimi, kuma ƙasar da ka zaɓa ta cancanci a gan ta. Lokacin ma kun dace, domin daga Disamba zuwa Maris ruwa ya ɗauke, hanyoyin cikin gandun suna biyuwa. A Serti ofishinsu yake, can za ku biya kuɗin shiga a haɗa ku da ɗan rakiya, kada ku ce za ku kutsa ku kaɗai. Babu gandun dajin gwamnati da ya kai shi faɗi a Najeriya, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Sai a 1991 aka mai da dajin gandun ƙasa, shekarar da aka yanke Taraba daga Gongola. Lokacin da na fara bin hanyar nan, ko Gongolar ma ba a yi ba, muna Jihar Arewa maso Gabas.

Ina saurayi a lokacin, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, ina karen mota a wata gingimari mai bodin katako da ke ɗaukar gishiri da kananzir da atamfa daga Jimeta zuwa Gembu. Ana gobe za mu tashi, kakarka, Allah ya jiƙanta, ta lissafa mini gidajen da zan shiga. Na ƙarshe gidan wata gwaggon babanmu ne a cikin garin Yola, tsohuwa tukuf, idonta ya yi rauni. Daga Jimeta na taka a ƙasa da rana tsaka. Na durƙusa na gaishe ta, na ce gobe zan hau Mambila. Ta yi shiru, sannan ta ce in matso. Ashe ƙanen mijinta ya bi shanu can tun ƙasar tana hannun Turawan Ingila a matsayin yankin Kamaru, kafin ƙuri'ar 1961 da ta haɗe ta da Najeriya, ya zauna wajen Nguroje, tun daga nan labari ya yanke. Ta sa aka ƙunsa goro fari a ganye, ta faɗa mini sunansa da laƙabin da ake kiransa da shi yana yaro, ta ce in na gan shi in ba shi, in ban gan shi ba in ci. Ta tofa mini addu'a a ka, ta ce in yafe mata in ba mu sake ganawa ba. Ita da ta haifi sa'o'in ubana take neman yafiyata.

Daga Mayo Selbe ake fara hawan. Yanzu akwai kwalta, a lokacin jar ƙasa ce da duwatsu, hannu ɗaya bango, ɗaya hannun rami wanda ba ka ganin ƙarshensa. Aikina shi ne in sauka in bi motar a baya ɗauke da weji a kafaɗa, da zarar ta yi nishi ta tsaya in cusa shi ƙarƙashin taya kafin ta dawo da baya. Haka muka yi ta yi har la'asar sakaliya. Muna gab da ƙarasawa Maisamari kuloci ya ƙone. Kafin mu gama dube-dube hazo ya rufe mu, har ba na ganin direba yana tsaye gaban motar. Ga sanyi irin wanda ɗan Jimeta bai taɓa sanin Allah ya halitta ba, ni kuwa 'yar shara ce a jikina. Haƙorana suna haɗuwa, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Direba, mutumin da bai cika tsoro ba, na ji yana ta maimaita hasbunallahu.

Can sai muka ji motsin shanu, wani yaro makiyayi ya ɓullo daga cikin hazon, lulluɓe da bargo. Na gaishe shi da 'yar Fulatancin da kowane ɗan Jimeta yake da ita, na ambaci sunan mutumin nan. Bai gane ba. Na faɗi laƙabin, sai ya ɗaga kai, ya ce in jira. Bayan isha sai ga mutane da dawaki da fitilar ƙwai. Wani dattijo mai farin gemu ya sauko yana tambaya wane ne ya san wannan suna, don rabon da a kira shi da shi tun yana gida. Na miƙa masa ƙunshin goron na faɗi wadda ta aiko. Mutumin nan ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. A daren muka kwana a ɗakinsa, wuta tana ci a tsakiya, aka dafa mana madara, ya hana ni barci da tambayar wane yana nan, wance fa. Da yawa sun rasu, ni na fara gaya masa. Ya sa yaransa gadin kayanmu har aka samo abin gyara daga ƙasa, bai karɓi ko sisi ba. Da za mu sauko ya haɗa ni da man shanu a kai wa gwaggo, kuma na same ta da rai.

Babanmu yakan ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, sandarsa kuwa tana hannun tsofaffin gidansu. Yakan ce zumunci a ƙafa yake, kuma zuwa da kai ya fi aike. Wurin sallama ne ake biyan ɗan bashin da aka manta, wanda kuka yi kwanaki ba ku gaisa ba ku wanke zuciya, a ba ka guzuri ko da ƙuli-ƙuli ne, a ce in ka isa gari kaza ka nemi wane. Ku yanzu sai mutum ya rubuta "sai mun dawo", a jera masa hotunan hannu ana addu'a, shi ke nan an sallame shi. Wace tsohuwa ce za ta tuna da ƙanen mijinta a cikin wannan? Rabinsu ma ba sa cikin zauren naku. Ba ku kaɗai nake zargi ba, mu ma da muka bar ku kuka tashi ba ku san ƙofar gidajen nan ba muna da namu kason.

Sauran hanyar na san ta daga baya, da na zama direba ina kai albasa da wake kudu ina dawowa da manja. In kun sauko daga Mambila za ku nemi Takum, ku wuce Katsina-Ala, ku bi ta Vandeikya ku shiga Obudu. Wannan yanki kada ku bi shi da dare ko kusa da magariba, kuma kowace safiya ku shiga tasha ku tambayi direbobin haya yadda hanya ta kwana, matambayi ba ya ɓata. Hawan Obudu gajere ne a kan na Mambila amma kwanoninsa sun fi matsewa. Wurin kiwon shanu ne da Turawa suka kafa a 1951, daga baya aka mai da shi wurin shaƙatawa. Wajen saukowa ku sa mota a ƙaramin giya, wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin ya kai ƙasa. Daga nan sai daji mai duhu har Ikom, ƙasar koko da ayaba, sai Ugep, sai Akamkpa, sai Kalaba. Ka sani Kalaba a bakin kogi take, in ainihin teku kuke so mai igiyar ruwa sai kun ƙarasa Ibeno ta wajen Eket. A Disamba kuma garin cike yake saboda bikinsu na shekara-shekara da ake kira Carnival, masauki yana wuya. Ku yi ƙasaru a hanya, Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi, kuma in kun isa ku nemi Bogobiri, unguwar Hausawa, akwai masallaci da abincin da cikinku ya sani.

Gida nawa za ka shiga, wannan tsakaninka da mahaifiyarka ne, ita ta san waɗanda suka rage. Ni dai ka fara da gwaggonka ta Doubeli, ƙafarta ta hana ta fita tun bara, kuma ta yi zaman aure a Takum shekaru masu yawa. Ranar da za ka zo nan ka zo da motar da za ku yi tafiyar da ita, ina so in ji ƙarar injinta in duba tayoyin da idona.