Albashi ninki biyu, amma sai tara na dare

Tambaya: Anti, barka da aiki. Shekara huɗu ke nan ina aikin lissafin kuɗi a wani ƙaramin kamfani. Albashin ba shi da yawa, amma ba ya wuce ranarsa, kuma ƙarfe biyar nake tashi. Yanzu an yi mini tayin kusan ninki biyu a wani wuri, sai dai wani ma'aikacinsu ya ce ba sa tashi sai tara na dare, har ranar Asabar. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanena, ɗauki biro tukuna ka raba sabon albashin da awannin da za ka riƙa yi a wata. Za ka ga ninki biyun nan ya zaizaye, don daga safe zuwa tara na dare, kwana shida, ka haura awa 70 a mako.

Na taɓa faɗawa irin wannan aikin. Wata takwas ina dawowa gida in tarar da 'yata ta yi barci a kan kujera, littafin aikin gidanta a buɗe, tana jiran in duba mata. Kuɗi kam suna shigowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kiran shugabana da tsakar dare, ba ni da bakin cewa sai gobe.

Ba don lalaci ba ne yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 ta tsayar da awa 8 a rana, 48 a mako, ga ma'aikatan masana'antu. A 2021 ita da Hukumar Lafiya ta Duniya sun bayyana cewa mai yin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Binciken Michael Marmot a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya kuwa ya nuna ciwon zuciya ya fi kama waɗanda ba su da ta cewa kan yadda suke aikinsu.

Ban ce ka ƙi ba, wataƙila akwai nauyi a kanka da ban sani ba. Koma ka tambaye su lokacin tashi, da kuɗin ƙarin lokaci, da ranar hutu, ka ce a rubuta a takardar ɗaukar aiki. In suka fara kame-kame, zauna inda kake, ka shiga wurin shugabanka ka nemi ƙarin albashi. Shekara huɗu ta isa ka buɗe baki.