Tambayi Likita: Gawayi na Cire Guba Daga Ruwan Sha?

Daga Harobanda: Likita, lambunmu na bakin kogi, muna feshin maganin ƙwari, ga rijiyarmu dab da shi. In na tafasa ruwan ya isa?

Malam, bai isa ba. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma yawancin magungunan feshi suna nan daram, kuma sau da yawa ba wari ba ɗanɗano. Abin da ke kama su shi ne gawayi na musamman, wanda aka gasa da tururi a zafin digiri 800 zuwa 1000 har cikinsa ya zama ƙananan ramuka. Gubar na maƙalewa a ramukan. Bayan wasu makonni sai ƙananan halittu su yi yauƙi a jikin gawayin, suna cinye wani ɓangare na abin da ya kama. Wannan yauƙin kada a kankare shi, shi ne ke tsawaita aikin matatar.

Sai dai aikin na son haƙuri. A fara tace laka da yashi, musamman da damina in ruwa ya yi ja, don laka na toshe ramukan. Ruwan ya shafe minti 10 zuwa 20 yana ratsa gawayin. In ya zubo da gudu, gubar ta bi shi. Jabel kuwa, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, bayan tacewa ake sa shi, a jira minti 30. In aka sa shi da farko zai kashe halittun, in kuma aka bar shi gaba ɗaya ƙwayoyin cuta na iya shiga randa. Ina roƙonka, ka daina haɗa maganin feshi a bakin rijiya.

Daga Bukoki: Gawayin girki fa?

Hajiya, yana ɗan rage wari, amma ramukansa kaɗan ne, kada ki dogara da shi.

Daga Tahoua: Haƙoran ɗana sun yi dabbare-dabbare, ja-ja. Matatar gawayi za ta taimaka?

Ƴar'uwa, wannan na iya zama fuloraid, wani sinadari da ake samu a ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya yi yawa a ruwanku, irin abin da ya nakasa ƙasusuwan yara a Tibiri ta Maraɗi. Gawayin itace ba ya cire shi, gawayin ƙashi ne ke kama shi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. Ki kai yaron asibiti, a kuma auna ruwan.