Tambayoyin Masu Karatu: Littafin da 'Yata Ta Dawo da Shi Daga Legon

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina sayar da atamfa a Nima. 'Yata da ke karatu a Jami'ar Ghana da ke Legon ta dawo hutu da wani littafin Turanci mai suna The Handmaid's Tale, a bangonsa akwai hoton mace cikin jan lulluɓi. Ta ce mini labarin wata ƙasa ce da aka hana mata karatu da riƙe kuɗi da sunan addini. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba. Anya ba irin littattafan nan ba ne da ake rubutawa don a raina addini da suturar mata? In hana ta ne, ko in ƙyale ta?

Wata uwa daga Nima, Accra

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya mana ita, Ya sa wa karatunta albarka. Shawarata ita ce ki bar ta ta karanta, amma ki sa ta riƙa ba ki labarin abin da ta karanta.

Margaret Atwood, 'yar ƙasar Kanada, ita ta rubuta littafin, ya fito a 1985. Yana cikin ƙagaggun labaran da marubuci kan ɗauki wata ɓarna da ya hango tana tsiro a zamaninsa, ya nuna yadda rayuwa za ta kasance idan ɓarnar ta girma har ta zama gwamnati. A Amurka labarin ya faru. Wasu sun kashe shugaban ƙasa da 'yan majalisa, suka jingine tsarin mulki, suka kafa daular da suka kira Gileyad. Da yake haihuwa ta yi ƙaranci, sai suka tattara matan da ke iya haihuwa suka rarraba su gidajen manyan kwamandoji don su haifa musu 'ya'ya, suna kafa hujja da ƙissar Rahila da kuyangarta Bilha da ke cikin Baibul. Kin ga ke nan ba kan Musulunci aka gina labarin ba. Su kansu Kiristocin da suka ƙi yi wa daular mubaya'a, har da limaman coci, rataye su ake yi a jikin bango.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai, wanda na san ke 'yar kasuwa za ki fi kowa fahimta, shi ne ranar da abin ya fara taɓa mai ba da labarin. Ta shiga kanti da safe ta miƙa katinta, na'ura ta ƙi karɓa. A wannan ranar aka sallami dukkan mata daga wurin aikinsu, aka kuma mayar da kuɗin asusunta hannun mijinta, shi kuwa ya ce mata kada ta damu, zai kula da ita. Ki ƙaddara ki wayi gari kuɗin da ke cikin wayarki da na adashinki duk sun koma sunan maigida, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya a Nima ba. Daga baya aka hana mata karatu, har allunan shaguna aka goge rubutunsu aka zana hotuna, aka kuma raba ta da sunanta na yanka, ana kiranta da sunan mutumin da aka ajiye ta a gidansa.

Marubuciyar ta sha faɗa cewa ba ta sa wani zalunci a littafin ba sai wanda ya taɓa faruwa a wani wuri. A Romaniya, a 1966, gwamnatin Ceausescu ta fitar da doka mai lamba 770 don tilasta wa mata yawan haihuwa. A Ajantina, tsakanin 1976 da 1983, sojoji sun riƙa ƙwace jariran matan da suke tsare da su suna bai wa iyalan da ke tare da gwamnati. Mu ma ba sai mun je nesa ba. A 1979, lokacin mulkin soja na AFRC a nan Ghana, an ɗora wa matan kasuwa laifin kalabule, wato ɓoye kaya da cin ƙazamar riba, da tsadar kaya, aka yi ta shimfiɗe su ana bulala a bainar jama'a, kuma a watan Agusta na shekarar aka rushe kasuwar Makola da ke Accra. Idan akwai tsohuwa a gidanku da ta yi ciniki a wancan zamani, ki haɗa ta da 'yarki, domin abin da za ta ji daga bakinta ya fi abin da ke cikin littafin nauyi.

Game da sutura kuwa, jan lulluɓin nan kayan dole ne da hukuma ta ɗinka don a riƙa gane matsayin kowace mace daga nesa. Tilastawar ce abin dubawa. A Iran, a 1936, sarki Reza Shah ya sa 'yan sanda suna fizge mayafi daga kan mata a titi, sannan bayan juyin 1979 aka juya dokar ta koma ɗaya ɓangaren, kuma a duka lokutan biyu ba a tambayi matan ba. Shi kuma hana mata ilimi, mu muna da amsarsa a gida tun da daɗewa: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, malamai mata da ake kira jajoji suna kai karatu ƙauyuka. Da Taliban suka hana mata shiga jami'a a Disambar 2022, Shehin Azhar na cikin waɗanda suka fito suka ce hakan ya saɓa wa shari'a.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan littafin. Sauya wa mace suna, hana ta karatu da ƙwace mata ɗa, duk abubuwa ne da aka yi wa bayi baƙar fata, waɗanda da yawansu ta Elmina da Cape Coast aka fita da su, amma da ƙyar ake jin ɗuriyar baƙar fata a labarin. Sai kuma gargaɗi: akwai wuraren da aka bayyana cin zarafi ƙarara. Ga 'yar jami'a babu laifi, amma shirin talabijin da aka fara yi daga littafin a 2017 ya fi shi tsanani, kada a kunna shi a falo gaban ƙannenta.

TAMBAYA: Malama, ni ɗaliba ce, ina so in rubuta irin wannan labari da Hausa, na matan da suka yi wa azzalumar gwamnati tawaye. Ta ina zan fara?

Wata ɗaliba daga Aboabo, Kumasi

AMSA: 'Yata, ki fara da doka guda ɗaya, ki bi ta har cikin ɗaki. A ce an hana mace riƙe rumfa a kasuwar Kejetia sai da sa hannun namiji: me zai faru da bazawara, da mai adashi, da yarinyar da ta zo daga arewa tana dakon kaya? Kada ki yi gaggawar ba jarumarki bindiga. Matan Ajantina da suka fara zagaye dandalin Plaza de Mayo a 1977, da fararen kallabi da hotunan 'ya'yansu da aka ɓatar suka fito, kuma sun dami sojoji ƙwarai. Sannan kada ki sa dukkan maza su zama miyagu, dukkan mata su zama salihai, domin irin wannan mulki ba ya tsayawa sai ya sami matan da za su sa ido a kan 'yan'uwansu mata. Ki ƙirƙiro wata gwaggo mai daɗin baki da ke kai rahoton maƙwabta don a bar mata rumfarta, ki kuma ba ta dalilin da mai karatu zai ji tausayinta.